Wakilan kamfanonin magani a Jazira: me ya sa suke kuka da albashi da manajoji?

Duk wanda ya taɓa zaman jiran likita da yamma a Rufa'a, ko Hasahisa, ko Wad Madani, ya san su ko da bai san sunan aikinsu ba. Matasa ne maza da mata, kaya a goge, jaka a hannu, suna zaune a benci ɗaya da marasa lafiya har likita ya sami ƴan mintuna ya saurare su. A Sudan muna ce wa irin wannan ma'aikaci “mandub”, wato wakili. Ƴan uwanmu na Nijar da Kamaru da Cadi sun san shi da sunansa na Faransanci, “delege medikal”. Aikinsa shi ne ya sa maganin kamfaninsa ya shiga takardar likita, ya kuma hau kantar mai sayar da magani.

A ƙauyukanmu na Hausawa da ke bakin Shuɗin Nilu, ana yi wa wanda ya sami wannan aiki kallon wanda ya haye. Yana hulɗa da likitoci, wani lokaci har da motar kamfani. Amma in ka zauna hira da su bayan sallar isha'i, zancen ba ya wuce abu biyu: kuɗin da ba ya kai ƙarshen wata, da manajan da ba ya jin bayani.

Wannan hira daga cikin gida na san ta. Ƙanena, ɗan baffana, shi ne na farko a zuriyarmu da ya karanci ilimin haɗa magunguna a jami'a. Ya yi kusan shekara huɗu yana wakiltar wani kamfani tsakanin Rufa'a da Tambul da ƙauyukan gabas, har yaƙi ya ɓarke. Ni na tsaya masa ranar da aka ɗauke shi, saboda haka duk takardar da ya sa wa hannu sai da na karanta ta. Abin da na gani a cikinsu shi ne tsarin biya da ke kwashe haɗarin kasuwanci daga wuyan kamfani ya ɗora wa ƙaramin ma'aikaci: faɗuwar darajar kuɗi, bashin da aka ƙi biya, maganin da wa'adinsa ya ƙare, har da lalacewar hanya. Daga kansa kuma nauyin kan gangara zuwa kan mara lafiya.

Aiki iri biyu, sau da yawa mutum ɗaya

A ƙa'ida wakilai iri biyu ne. Akwai wakilin da ke ziyartar likitoci, ya yi musu bayanin magani, yadda yake aiki, yawan da ake sha da illolinsa. A Sudan galibi masu digirin haɗa magunguna ake ɗauka a wannan matsayi, irin waɗanda suka fito daga Jami'ar Khartum ko Jami'ar Jazira da ke Wad Madani da sauran jami'o'in da suka buɗe wannan fanni. Akwai kuma wakilin ciniki, mai zagaya kantunan magani, waɗanda muke kira “saidaliyya”, ya karɓi oda, ya kai kaya, ya dawo karɓar kuɗi.

A Khartum manyan kamfanoni sukan raba ayyukan biyu. A garuruwa irin namu, inda cinikin bai kai a biya mutum biyu ba, mutum ɗaya ake ɗora wa duka. Da safe yana kantunan magani, da rana yana bin bashi, da yamma yana ƙofar likita, domin yawancin ɗakunan shan magani masu zaman kansu sai bayan la'asar suke buɗewa su kai dare. Dokar Ƙwadago ta Sudan ta 1997 ta ƙayyade aikin mako a sa'o'i 48, amma wanda ba ya zaune a ofis babu mai ƙirga masa sa'o'i, balle a yi zancen kuɗin ƙarin lokaci.

Yadda ake lissafin abin da yake samu

Abin da ke shiga aljihun wakili kashi uku ne. Na farko albashi na asali, wanda yawanci ƙarami ne. Na biyu alawus na mai da waya da abinci. Na uku shi ne kamasho, wanda ake ɗaure shi da adadin cinikin da aka gindaya masa a wata ko a wata uku. Ma'aikatan da kansu “taget” suke ce wa wannan adadi. Ranar ɗaukar aiki, ana haɗa kashi ukun a faɗa wa yaro jimla mai daɗin ji, kamar dai kamashon tabbas ne.

Tarkon yana cikin sharuɗɗa. A takardar ƙanena, in bai kai kashi 80 cikin 100 na taget ba, ba shi da ko sisi na kamasho, ko da kashi 79 ya kai. In kuma ya yi ƙoƙari ya zarce a wannan zango, a zango na gaba sai a ɗaga adadin a kan abin da ya kai. Kamashon ma ba a lissafa shi a kan kayan da ya sayar, sai a kan kuɗin da ya karɓo. Mai kanti ya jinkirta biya, ladan wakili ya tafi.

Ƙanƙanta albashi na asali yana da wata illa da ba a gani sai daga baya. A dokar 1997, ma'aikacin da ya yi shekara uku ko fiye a jere yana da haƙƙin sallama, kuma a kan albashi na asali ake lissafa shi. Wanda aka cika masa aljihu da alawus da kamasho aka bar asalin albashinsa ƙasa, ranar rabuwa zai tarar abin da ke hannunsa bai taka kara ya karya ba. Haka nan inshorar ma'aikata, wadda doka ta ce mai aiki ya zuba kashi 17 cikin 100, ma'aikaci kashi 8: wakilai da dama sai bayan sun bar aiki suke gano cewa a kan ƙaramin adadi aka yi musu rajista, ko ma ba a yi ba.

Albashin da ke narkewa a hannu

Ruwa ba ya tsami banza. Ba a fahimtar kukan wakilan sai an dubi abin da ya sami fam ɗin Sudan. Mafi yawan maganin da ake sha a ƙasar daga waje ake shigo da shi, masana'antun cikin gida ma da dala suke sayo sinadarai daga Indiya da Sin. Da Sudan ta Kudu ta ɓalle a watan Yuli na 2011, ta tafi da kusan kashi uku cikin huɗu na man fetur, dala ta yi wuya.

A watan Nuwamba na 2016 Babban Bankin Sudan ya janye rangwamen farashin dala da yake yi wa masu shigo da magani. Farashin magunguna da yawa ya ninka, kantunan magani a Khartum suka rufe ƙofa don nuna rashin amincewa, a ƙarshen watan kuma aka yi zaman gida na kwana uku. A watan Fabrairu na 2021 gwamnatin riƙon ƙwarya ta mayar da farashin dala na hukuma daga fam 55 zuwa kusan 375, ta kamo farashin da kasuwar bayan fage ta daɗe da kai wa. A watan Yuni na shekarar aka cire tallafin man fetur da gas. A watan Yuli hauhawar farashi ta haura kashi 400 cikin 100, wato abin da aka saya fam 100 bara ya koma sama da fam 500.

Ga yadda wannan ke faɗa wa wakili. Ana tsayar da albashinsa a farkon shekara, a fam. Alawus ɗin mai ma kuɗi ne tsayayye, ba lita ba. Kafin damina, kuɗin da ke kai shi Tambul ya dawo sau huɗu ba ya kai shi sau ɗaya, sai ya riƙa cikawa daga aljihunsa don ya kai taget. Shi kuwa taget, da yake a fam ake lissafa shi, ana ɗaga shi duk lokacin da farashin magani ya tashi, alhali masu sayen sun rage saye saboda tsadar.

Adalci ne a faɗi ta bakin kamfanoni. Hukumar Kula da Magunguna da Guba ta Ƙasa ce ke rajistar magani tana ƙayyade farashinsa, kuma sau da yawa farashin da ta amince da shi yana bayan farashin dala na gaskiya. Mai kamfani zai iya sayar da kwali yau, kuɗin da ya samu su kasa sayo masa irinsa gobe. An yi lokuta, musamman a 2020 da 2021, da magunguna na yau da kullum suka ɓace daga kanta saboda masu shigowa sun kasa samun dala. Sai dai ko a watannin da sito ya ƙare, ba kowane kamfani ne ya rage wa wakilinsa taget ba. An hana shi kamasho saboda ya kasa sayar da kayan da babu.

Masu karatu na Najeriya sun ɗanɗana irin wannan bayan da aka saki farashin naira a watan Yuni na 2023. A cikin shekarar kamfanonin GlaxoSmithKline da Sanofi suka sanar da daina gudanar da cinikinsu da kansu a ƙasar, suka miƙa shi ga dillalai. Na Nijar da Kamaru da Cadi suna da sauƙi ta wannan fuska, tunda sefa tana ɗaure da yuro a kan 655.957, amma taget da bin bashi suna nan a can ma.

Bashi da cek

Bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma cinikin magani a kansa yake tafiya. Kamfani ya ba kanti kaya, mai kanti ya rubuta cek mai kwanan wata na gaba, wata ɗaya ko biyu. Mai kanti shi ma yana jiran kuɗinsa, wani lokaci daga masu inshorar lafiya, wani lokaci daga manoman da ba su da kuɗi sai bayan girbi. Igiyar tana da tsawo, wakili ne ke tsaye a tsakiyarta.

Manaja yana matsa masa ya zuba kaya a kanti kafin ƙarshen wata don lissafi ya yi kyau. Ana jawo hankalin mai kanti da gyara, wato ya sayi kwali goma a ƙara masa ɗaya ko biyu kyauta. Kayan sun fi abin da garin zai iya sha, sai su zauna har wa'adinsu ya kusa ƙarewa. Mai kanti ya ce a mayar, kamfani ya ce ba ya karɓa, ko ya karɓa ya cire daga cinikin wakili. In cek ya dawo babu kuɗi, wasu kamfanoni sukan riƙe kamashon wakili, har da albashinsa, sai ya karɓo.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne cek na lamuni. Da yake wakili yana riƙe kaya da kuɗi, wasu kamfanoni sukan nemi shi ko mai tsaya masa ya ajiye cek da sa hannu, wani lokaci ba a rubuta adadi ba. A Sudan wannan ba wasa ba ne. Sashe na 179 na Dokar Manyan Laifuka ta 1991 ya mai da ba da cek maras kuɗi laifi, kuma kowa ya san kalmar “yabƙa li hinis sadad”, wato a tsare mutum har sai ya biya. Ma'aikacin da ya san akwai irin wannan takarda a aljihun teburin manaja ba zai ɗaga murya kan albashin da aka jinkirta ba. Ni kaina na sa hannu a irin wannan takarda saboda baffana ya roƙe ni, kuma ban sake barci mai daɗi a ƙarshen wata ba.

Manaja yana Khartum, laka tana Jazira

Kafin yaƙi, kusan duk kamfanonin magani da masana'antunsu suna Khartum ne, da yawa a unguwar masana'antu ta Bahri. A can ake zama a raba taget, a kan taswira da lissafin kwamfuta. Wanda ya raba bai taɓa bin hanyar ƙauye a watan Agusta ba. Ƙasar Jazira baƙar laka ce, ruwa ɗaya ya isa ya yanke ƙauye daga kwalta na kwanaki. A daidai lokacin ne kuma zazzaɓin cizon sauro ke yawaita saboda ruwan sama da magudanan Shirin Noman Jazira, waɗanda ke shan ruwa daga madatsar Sinnar tun 1925. Buƙatar magani ta ƙaru, hanyar kai shi ta toshe, kuɗi kuma babu a hannun mutane sai an girbe dawa da gyaɗa.

Maimakon a tambayi wakili yadda yankinsa yake, sai a ƙara masa sa ido. Ana buƙatar ya ziyarci likitoci adadi kaza a rana, ko da garin ba shi da wannan adadin. Ana buƙatar ya turo hoton inda yake ta WhatsApp, ya cika rahoto da dare bayan ya dawo. A taron wata, akan karanta sunayen waɗanda suka gaza a gaban abokan aikinsu. Shi ma mai kula da shiyya ana matsa masa daga sama da lissafi iri ɗaya, shi ya sa matsin ke ƙaruwa yayin da yake gangarowa.

Ga ƴaƴan Hausawa akwai ƙari. Yaron da ya fito daga Mai Wurno, ko daga ɗaya daga cikin “kanabi”, wato matsugunan leburorin gona da ke gefen ƙauyukan Jazira, yana da abin da kamfani ke so: ya san hanyoyi, yana jin Hausa da Larabci, masu ƙananan kantuna sun yarda da shi. Amma a abin da na gani, da wuya wannan ya zama ƙarin girma. Matsayin mai kula da shiyya yakan tafi ga wanda ke da sanayya a babban ofis, abin da ake kira “wasɗa”. Ga kuma dangi da suka sayar da amfanin gona suka yi masa karatu, suna jiran ya ɗauki nauyin na baya. Barin aiki a wurinsa ba shawarar mutum ɗaya ba ce, kuma manaja ya san da haka.

Abin da yaƙi ya ƙara

Da yaƙi ya ɓarke tsakanin sojoji da dakarun RSF ranar 15 ga Afrilu 2023, masana'antu da sito-sito na Khartum suka tsaya, aka wawashe da yawa. Kamfanoni suka kwashe abin da ya rage zuwa Wad Madani. A watan Disamba na 2023 Madani ma ta faɗa hannun RSF, aka sake gudu, wasu zuwa Bur Sudan a bakin Bahar Maliya, wasu zuwa ƙetare. A watan Oktoba na 2024 aka kai munanan hare-hare a gabashin Jazira, Tambul da Rufa'a da Hilaliya na cikin garuruwan da abin ya shafa, dubban mutane suka bar gidajensu. Sojoji sun sake karɓe Madani ranar 11 ga Janairu 2025.

Ma'aikata da yawa an tura su hutu ba albashi, ba tare da an sallame su a hukumance ba, don haka babu haƙƙin sallama. Dala da ke kusan fam 600 kafin yaƙi ta haura 2,000 a kasuwar bayan fage a cikin 2024, saboda haka duk wanda ke bin kamfani kamashon 2023, ko an biya shi yau, ɗan guntun abin da ya yi wa aiki zai karɓa. Sai kuma tambayar da har yanzu ke raba mutane: kantin da aka wawashe, mai shi ya gudu ko ya rasu, wa zai biya bashin kayan da ke ciki? An kira ƙanena a waya an tuna masa da bashin kantuna uku da babu ko ɗaya da ya rage da ƙofa, aka kuma tuna masa da takardar da na sa wa hannu.

Inda mara lafiya ya shigo

Mai karatu zai iya cewa rigima ce tsakanin ma'aikaci da mai gidansa. Amma magani ba sabulu ba ne. Wanda abincin gidansa ya dogara da yawan kwalayen da ya sayar zai fuskanci jarrabawa kowace rana: ya tura maganin kashe ƙwayoyin cuta inda ba a buƙatarsa, ya yi shiru kan illar magani, ya yi wa likita alkawarin kyauta, ko ya sayar wa wanda ba shi da lasisi.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta hango wannan tun 1988. A ƙa'idojinta na tallan magani ta ce kada babban kason abin da ake biyan wakili ya dogara kai tsaye da yawan cinikin da ya kawo, don gudun wuce gona da iri. Tsarin da na bayyana a sama ya juya wa wannan shawara baya.

Mutanen Kano da Jigawa sun ga inda hanyar ke kai wa. A watan Afrilu na 2018 binciken BBC Africa Eye ya nuna ma'aikatan wasu kamfanonin magani suna sayar da katan-katan na maganin tari mai kodin ta bayan fage, kwanaki kaɗan bayan haka gwamnatin Najeriya ta haramta haɗa shi da shigo da shi. A Amurka, kamfanin Purdue Pharma ya amsa laifi a 2007 kan yaudara wajen tallan OxyContin, maganin da wakilansa suka riƙa samun lada mai tsoka a kan yawan sayar da shi. Talauci ba ya wanke wanda ya sayar da guba, amma wanda ya tsara lada a kan yawan kwalba shi ma yana da hannu.

Yadda wasu ƙasashe suka yi

A ƙarshen 2013, yayin da hukumomin Sin ke bincikensa kan cin hanci, kamfanin GlaxoSmithKline ya sanar cewa zai daina ɗaure ladan wakilansa da cinikin kowane mutum. A 2014 kotu a Sin ta ci shi tarar yuwan biliyan 3. A 2019 ya sassauta matakin, ya dawo da ladan ciniki a kan wasu magunguna. Darasin shi ne gyaran da kamfani ya yi don kansa, yana iya janye shi don kansa.

A Amurka wakilai sun kai ƙara suna neman kuɗin ƙarin lokaci, amma a 2012 Kotun Ƙoli ta yanke, da alƙalai 5 kan 4, cewa su masu talla ne a waje, dokar ba ta ba su wannan haƙƙi ba. Indiya ta bi wata hanya. A 1976 ta kafa doka ta musamman kan sharuɗɗan aikin masu tallan kaya irin su magani, wadda ta wajabta ba su takardar ɗaukar aiki da hutu, kuma wakilan suna da ƙungiya ta ƙasa baki ɗaya, FMRAI, da ke zama da kamfanoni har ta kira yajin aiki.

A Sudan wannan ƙofa ba ta buɗe sosai ba. An rushe tsoffin ƙungiyoyin ƙwadago a ƙarshen 2019, ƙasar ta amince da yarjejeniya ta 87 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya kan ƴancin kafa ƙungiya a 2021, sannan a watan Nuwamba na 2022 aka dakatar da ayyukan ƙungiyoyin. Wakilai kuma a warwatse suke, kowa da kamfaninsa, kowa yana gasa da ɗan uwansa a ƙofar likita ɗaya. Duk da haka akwai abin riƙewa: Sudan da Nijar da Najeriya duk sun amince da yarjejeniya ta 95 kan kare albashi, wadda ta ce a riƙa biya a kan lokaci, kuma ba a yanke wa ma'aikaci albashi sai a kan abin da doka ko yarjejeniya ta halatta.

Kafin a sa hannu

Yanzu da kamfanoni ke dawowa Jazira suna neman wakilai, ga abin da ya kamata matashi da iyayensa su duba. A rubuta komai: albashi na asali daban, alawus daban, da yadda ake lissafin kamasho, a kuma karɓi kwafi. A auna aikin da albashi na asali kaɗai, in ba zai riƙe gida ba, sauran alkawari ne. A nemi alawus ɗin mai ya zama lita ko kilomita, a kuma sa lokacin sake duba albashi fiye da sau ɗaya a shekara. A tambaya wa ke yanke shawarar ba kanti bashi. In ofis ne ke amincewa, ofis ne ya kamata ya ɗauki asarar. A tambaya me ke faruwa da taget in sito ya ƙare ko hanya ta yanke. A nemi lambar rajistar inshora tun watannin farko. Kada kowa ya sa hannu a cek maras adadi, komai kusancin wanda ya roƙa. A ajiye kowane rasit da kowane saƙon tura kuɗi na Bankak, domin ranar da aka je ofishin ƙwadago takarda ce ke magana.

Su ma masu kamfanoni akwai riba a gare su. Wakilin da ya shekara uku a yanki ya san wane kanti ke biya, wane likita ke sauraro, wace hanya ke biyuwa da damina. Duk lokacin da ya tafi, wannan sani ya tafi da shi, sabo ya fara daga farko, bashin da tsohon kaɗai ya san hanyar karɓarsa ya mutu.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Wakilan Rufa'a da Hasahisa ba su da yawa, gada ɗaya ce tsakaninsu, kuma kullum suna haɗuwa a benci guda. Ko ba ƙungiya mai rajista, za su iya sanin abin da kowane kamfani ke biya, su daina karɓar aiki a makance.

Ƙanena yanzu yana tsaron wani ƙaramin kantin magani, abin da yake samu kaɗan ne amma ya san adadinsa. Da tsohon kamfaninsa ya neme shi ya dawo, ya gindaya sharuɗɗa uku: a biya shi kamashon da yake bi, a cire bashin kantunan da aka wawashe daga kansa a rubuce, a kuma dawo da cek ɗin da na sa wa hannu. Har yau muna jiran amsa.